ASUSUN MAKKA: DARASI DAGA RAYUWAR KAKATA

 

Wani ɗan'uwa daga cikin masu bibiyar wannan shafi ya turo min tambaya ta akwatin saƙo. Ya ce kakarsa ce a gidansa, ta tsufa, ga mita ga mantuwa, matarsa ta gaji, shi ma ya fara gajiya. Yana tambaya, shin umarnin da Allah Ya yi na kyautata wa iyaye ya haɗa da kaka, ko kuwa alfarma ce kawai yake yi mata?

Amsar a taƙaice ita ce e, ya haɗa da ita. A wurin malamai kaka uwa ce. Haramcin aure ya hau kanta kamar uwa. A mazhabar Malikiyya, idan uwa ta rasu ko haƙƙinta na reno ya faɗi, kaka ta wajen uwa ce ke gaba da kowa wajen riƙon yaro. A gado kuma tana da sudusi idan babu uwa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wata kaka ta je wurin Sayyidina Abubakar tana neman gadonta, ya tambayi sahabbai, Mugira ɗan Shu'uba da Muhammad ɗan Maslama suka ba da shaida cewa Annabi ﷺ ya ba kaka sudusi, shi ma ya ba ta.

Wannan ita ce amsar littafi. Amma tun da na karanta saƙon nan na kasa sukuni, domin ni kaka ce ta raine ni, kuma akwai abin da na yi mata wanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na ga gara in ba ku labarinta, mu ciri darasi tare.

WACE CE IYA?

Iya muke ce mata, mahaifiyar mahaifiyata ce. Ba ta san shekarar da aka haife ta ba. Abin da take cewa shi ne an haife ta zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, kuma an kawo ta Dogarawa amarya a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956. Ta kan ce lokacin tsakanin Dogarawa da Samaru gonaki ne da fadama, domin ko jami'ar Ahmadu Bello ba a buɗe ba sai 1962. Kakana manomi ne, da rani kuma yana ɗan taɓa dako a kasuwar Sabon Gari.

Ya rasu a 1974, shekara guda bayan an canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, ana tsakiyar wahalar da fari ya bari. Ya bar ta da 'ya'ya shida, na ƙarshen yana goye. Da ta fita takaba manema suka fito, amma kowanne sharaɗinsa ɗaya ne, a raba yaran cikin dangi ta zo da na goye kawai. Ta ce a'a. Ba wai aure bayan mutuwar miji aibu ba ne, ai Ummu Salama ta auri Annabi ﷺ da marayunta. Amma wadda ta zaɓi zama saboda 'ya'yanta ita ma tana da magabaciya. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ﷺ ya nemi auren Ummu Hani, ta ba da uzurin shekaru da 'ya'ya, bai zarge ta ba, sai ma ya yabi matan Ƙuraishawa da tausayin yara.

Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa a 1992, ina da shekara huɗu. Ranar da aka share makoki Iya ta goya ni, duk da na wuce goyo, ta kawo ni ɗakinta. Sunan kakana aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Maigida take ce min. In na yi ƙiwar tashi da asuba sai ta ce, "Wannan miji nawa rago, anya ba zan kai ka gaban alƙali ba?"

DARASI NA FARKO: SANA'A

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka ƙaramin aiki ne. Za a soya gyaɗa a kasko, a murje ɓawon, a sheƙe a faifai, a kai inji a niƙo. Sai a juye a turmi, ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya har man ya taso, a kwashe. Sai a matse tunkuzar da hannu har ta daina tsiyaya, a mulmula, a toya cikin manta. Daga bayan sallar asuba take farawa, wani lokaci har azahar tana bakin murhu. Tafin hannunta kamar fatar ganga yake, tana ɗaukar garwashi da yatsu ta mayar cikin wuta ko a jikinta. Masu tsire daga Kwangila da Samaru suna aiko yara sayen ƙuli don haɗa yaji, man kuma a kwalabe ake zuwa ɗauka har gida.

A 1975, shekara guda bayan rasuwar kakana, wata cuta ta faɗa wa gyaɗa a faɗin Arewa, gonaki suka lalace, gyaɗa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Iya ta ce a wannan shekarar wasu suka fara algus, a gauraya man gyaɗa da wani mai mai arha a sayar da sunan tsantsa. Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta yi haka, tunda marayu take ciyarwa, Allah Ya san uzurinta. Ta ce mata, "To in na ciyar da su da wannan, ranar da suka girma suka ƙi jin maganata, wa zan zarga?" Sai ta jingine sana'ar gaba ɗaya, ta koma dakau da wankau a gidajen mutane, da safe ta yi koko, har gyaɗa ta dawo.

Iya ba ta taɓa karanta babin ciniki a littafin fiƙihu ba. Amma ta yi aiki da hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Annabi ﷺ ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya nuna wa mai kayan cewa mai ha'inci ba ya cikinmu. Kuma matar da ke aiki da hannunta don ta ciyar ta yi sadaka, tafarkin iyayenmu mata na farko take bi. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata, tana sadaka da abin da ta samu, kuma ita ce Annabi ﷺ ya siffanta da tsawon hannu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta tambaya ko ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta zai zama sadaka, aka ce mata lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka.

Ya kai ɗan'uwa mai tambaya, wannan tsohuwar da ka ga tana zaune tana mita, ka taɓa zama ka tambaye ta yadda ta ciyar da mahaifinka? Yawancinmu jikokin masu ƙuli ne da masu daddawa da masu fura. Digirin da muke taƙama da shi, in aka bi salsalarsa, a bakin murhu zai tsaya.

DARASI NA BIYU: ASUSUN DA AKA FASA SAU UKU

Babban burin Iya a duniya shi ne ta je Makka. Tana da asusun ƙasa a ƙarƙashin gado, bayan jeren kwanukanta, muna ce masa asusun Makka. Duk ranar da ciniki ya yi kyau sai ta jefa wani abu. In ta kwashi adashi kuma sai ta sayi akuya ko tunkiya ta ba da kiwo, ta ce wannan ma ta Makka ce.

Sau uku aka fasa asusun nan, aka sayar da dabbobin. Na farko lokacin da babban kawuna ya kwanta ciwo wata da watanni a asibiti. Na biyu lokacin auren autarta mace, aka rasa kayan ɗaki. Na uku saboda ni ne. A 2010 sunana ya fito cikin waɗanda Jami'ar Musulunci ta Madina ta ɗauka. Karatun kyauta ne, amma kafin a kai ga jirgi akwai fasfo, da gwajin lafiya, da fassarar takardu, da zirga-zirgar Kano da Abuja, ni kuwa ko kuɗin mota ba ni da shi. Na dawo daga masallaci bayan isha'i na tarar da ita ta shimfiɗa zani, ga fasassun asusu a gefe, tana jera kuɗi. Na ce, "Iya, Makkar fa?" Ta ce, "Maigida, in ka je ai na je. Ka dai gaishe min da Manzon Allah."

Na yi mata alkawari kafin in gama karatu sai na kawo ta. Ta yi dariya ta ce Allah Ya nuna mana.

Ku lura da wani abu na fiƙihu a nan. Hajji wajibi ne ga wanda ya sami iko, Iya kuwa abin da take tarawa bai taɓa kai kuɗin kujera ba, kullum ta matso sai kuɗin ya ƙara gaba. Don haka babu wajibin da ta tozarta. Abin da ta yi shi ne, ta fifita buƙatar da ke gabanta a kan burin da ke ranta. Kuma muna kyautata zato ga Allah, domin ya tabbata cewa a yaƙin Tabuka Annabi ﷺ ya ba da labarin wasu mutane da suka rage a Madina, uzuri ya tsare su, amma suna tare da mayaƙan a lada. Ina faɗin wannan ne saboda 'yan'uwanmu da ke zuwa Umara kowace shekara alhali kakarsu na ƙauye ba ta da kuɗin maganin hawan jini. A sake lissafi.

DARASI NA UKU: RANAR DA NA YI MATA GYARA

Nan ne inda nake jin kunya. Na zo hutu a azumin 2012, na shekara biyu a Madina, kaina cike da ƙa'idoji, jallabiya fara, ina ganin duk Dogarawa babu wanda ya iya salla. Wata magariba na ji Iya tana karanta Fatiha. Kamar yawancin tsofaffinmu da suka yi karatun allo, harafin lodi da lam take furta shi, ga shi kuma ta saki hannuwanta. Tana sallamewa, a gaban jikoki da wasu mata biyu da suka zo sayen mai, na fara lacca. Na ce karatunta akwai kuskure, Fatiha rukuni ce, wanda Fatiharsa ba ta inganta ba akwai magana a kan sallarsa. Har na ce shekara nawa ke nan ana wannan abu.

Ba ta ce komai ba. Ta auna wa matan mai, ta zuba min kunu, ta shiga ɗaki.

Can da dare bayan na dawo daga asham ta kira ni. Ta ce, "Maigida, zauna. Wannan sallar da ka ce akwai magana a kanta, a cikinta na roƙi Allah Ya raya min kai ranar da uwarka ta tafi. A cikinta na roƙa maka Madina. In ba a karɓa, to wa ya kai ka?" Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Sai kuma ta ce, "Amma ilimi gare ka, don shi na tura ka. Ka koya min yadda ake faɗi. Sai dai gobe in za ka yi wa wani gyara, ka bari masu sayen mai su tafi."

Tun daga ranar har hutu ya ƙare, kullum bayan asham sai mu zauna a tabarmarta. Haƙoranta sun zube, harshen ya saba shekara sittin da abu ɗaya. Ta maimaita, ta kuskure, ta yi dariya, ta sake. Wani lokaci ya fito daidai, wani lokaci ya ƙi.

Da na koma na sake duba mas'alar a natse, sai na ga ni ne mai ƙarancin ilimin. Sakin hannu a salla shi ne abin da Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga Malik a Mudawwana, kama hannu kuma hadisinsa na nan a Muwaɗɗa, kuma babu ɗayan biyun da ke ɓata salla. Wanda harshensa ya gaza furta wani harafi bayan ya yi iya ƙoƙarinsa, sallarsa ta inganta, domin ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Nana A'isha cewa mai karanta Alƙur'ani yana cije-cije, yana shan wahala, lada biyu gare shi. Duk na haddace waɗannan don jarrabawa, amma da na tsaya gaban tsohuwar da ta raine ni sai na manta su.

Kada wani ya fahimci cewa a bar tsofaffi cikin kuskure. A'a, a koyar da su, haƙƙinsu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru ne don ilimi ya isa ga matan ƙauye a inda suke, kuma manyan mata ta naɗa jajis su kai karatun. Magana a kan yadda ake gyaran ne. Annabin da ya hana a katse wa balaraben ƙauye fitsarinsa a cikin masallaci, sai da ya gama ya kira shi ya yi masa bayani a hankali, me kake jin zai ce wa jikan da ya kunyata kakarsa a gaban baƙi? Suratul Isra'i ta hana ko da tsaki ga iyaye in sun tsufa. Ɗalibai 'yan'uwana, musamman masu dawowa hutu daga ƙasashen Larabawa, ku riƙe wannan.

Akwai hadisin da nake so ƙwarai, yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Wata tsohuwa mai suna Mulaika, kakar Anas ɗan Malik, wasu malamai kuma suka ce kakar Ishaƙ mai ruwayar ce, ta yi girki ta gayyaci Annabi ﷺ. Ya amsa, ya ci, sannan ya ce su tashi ya yi musu salla. Anas ya ɗauko wata tabarma da ta yi baƙi saboda daɗewa, ya yayyafa mata ruwa, Annabi ﷺ ya tsaya a kai, Anas da wani maraya a bayansa, tsohuwar a bayansu. Shugaban halitta ke nan a ɗakin kaka, a kan tsohuwar tabarma. Mu kuwa sai mu shiga ɗakin tamu a tsaye, muna duba waya, mu ce sauri muke yi.

DARASI NA HUƊU: BAYAN TA TAFI

Iya ta rasu cikin sanyin Janairun 2014, watan Rabi'ul Awwal 1435. Ina Madina, ana tsakiyar jarrabawa. Kawu ne ya kira ni, kuma kafin ya same ni har an dawo daga maƙabarta. Ya ce ta yi asuba a zaune, ta ce a dama mata koko, kafin a kawo ta cika. Alkawarin da na yi mata ban cika ba. Kullum ina cewa sai baɗi, in na ɗan tara, in na gama. Ban samu wankanta ba, ban samu sallarta ba, ban ɗauki makararta ba.

Da na zo hutu a azumin wannan shekarar, innata, autar Iya, ta kira ni ɗakin. Ashe akwai asusu na huɗu. Ta ci gaba da jefawa har makon da ta rasu. Kuɗin ba yawa, kuma ba nawa ba ne, domin ɗan 'ya ba ya gado in akwai 'ya'ya, na magada ne. Amma kawunnaina da innonina suka taru suka ce sun yafe, in tafi da shi. Da shi na sayi harami da takalmi, na yi mata aikin Hajjin 1435, tunda na riga na sauke nawa. Na san malamanmu na Malikiyya sun fi son a yi wa mamaci sadaka da addu'a in bai bar wasiyyar Hajji ba. Na dogara ne da hadisin matar nan ta ƙabilar Juhaina da ke Bukhari, wadda aka ba izinin yi wa mahaifiyarta Hajji, da kuma fatawar jumhur. Allah Ya karɓa mata.

To ga nasihata.

Wanda kakarsa ke raye, ya sani ƙofa ce da ba ta daɗe a buɗe. Ka shiga ɗakinta ka zauna, ba gaisuwar bakin ƙofa ba. Ka san maganin da take sha da ranar da zai ƙare. In ta maimaita labari sau goma ka saurara, kai ma ta saurari gwarancinka. Ka tambaye ta dangi, wa ya haifi wa, domin ranar da ta tafi da yawan zumunci zai bi ta. Kada ka bari yara su raina ta, balle a jefe ta da maita don ta tsufa ta rikice, wannan zalunci ne babba. Kuma kai mai tambaya, ka sani hidimar kakarka a kanka take, ba a kan matarka ba. In ta yi, alheri ta yi, ka gode mata, ka rage mata nauyi, ka nemi sauran jikoki a yi karɓa-karɓa.

Wanda tasa ta rasu, aiki bai ƙare ba. Ka yi mata addu'a da istigfari a sujadarka. Ka bincika ko akwai bashi ko adashin da ba ta ƙarasa zubi ba. Ka yi mata sadaka, kamar yadda Sa'ad ɗan Ubada ya yi, mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, ya ba da gonarsa sadaka dominta. Ka nemi ƙawayenta, domin Annabi ﷺ ya kan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Akwai wata aminiyar Iya da ta rage a Dogarawa, idonta ya tafi, duk Juma'a in na sauko daga masallaci ina biyawa. Da ta ji sallamata sai ta ce, "Mijin ƙawata ne?"

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Iya cikin addu'arsa, ita da mahaifiyata da dukkan magabatanmu. Allah Ya jiƙansu, Ya yalwata ƙaburburansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Waɗanda ke raye Allah Ya ba mu ikon yi musu hidima kafin mu yi da-na-sani. In tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani.

Wallahu a'alam.